Tambur Ma Yana da Daminarsa da Kakarsa

Ranar da na gane haka, ana tsakiyar marka, kwana uku rana ba ta leƙo ba. Na jawo wani kundi daga ƙarƙashin gado don in nuna wa yaron maƙwabta jerin tamburin wasiƙa masu hoton namun daji da Nijar ta fara fitarwa a 1959, raƙumin dawa da jimina da zaki da gauraka. Tun kafin in buɗe, hancina ya ba ni labari, irin warin ɗakin da aka daɗe ba a shiga ba. Da na ɗaga shafin, jimina ta ƙi rabuwa da takardar da ke bayanta. Na sa matsefata a hankali, sai na ji wata ƴar ƙara kamar ana ɓare busasshen ɓawon albasa. Rabin danƙon ya zauna a kundi, rabi ya biyo tambur. A gefen zaki kuma wasu ɗige-ɗige jajaye sun fito tsakanin haƙora, kamar tsatsa a bakin tsohon kwano. Ɓarawo bai shigo ba, ko ɗigon ruwa bai zuba a kundin ba. Iskar ɗakin ce kaɗai ta yi wannan ɓarna.

A Maraɗi yau, in ka ce tambur, yawancin mutane wanda ake mannawa a takardar haihuwa ko takardun jarrabawa za su ɗauka kana nufi, wanda layinsa kan yi tsawo lokacin komawa lakwal. Na wasiƙa nake magana. Mu muka aro sunan daga Faransanci. Da ka tsallaka Ɗan Isa ka shiga Jibiya sai ka ji ana cewa kan sarki, domin na farko da Turawan Ingila suka kawo Arewacin Nijeriya a 1900 kan Sarauniya Biktoriya ne a jikinsa, daga baya kuma kawunan sarakunan da suka gaje ta. Masu tara shi a garin nan ba mu da yawa: tsofaffin mushe, wato malaman lakwal, da waɗanda suka yi aikin gidan waya, ƴaƴan alhazai da suka gaji takardun iyayensu, sai ƴan samari da suka gano a intanet cewa akwai masu biyan kuɗi a kan abin da ake naɗe ƙosai da shi. Dukanmu kuwa lissafin lokaci uku ne ke juya mu: na sama, na aljihu, da na masu saye a ƙetare. Abin da na daɗe ina lura da shi shi ne, ukun nan sukan haɗe wa mutumin Maraɗi kai da damina, su sakar masa mara da hunturu. Wanda ya koyi harkar daga littafin Turawa kaɗai ba zai taɓa jin wannan ba, domin ba don ɗakinmu aka rubuta littafin ba.

A fara da na sama, tun da shi ba ya jin roƙo. Tambur sabo, wanda ba a taɓa mannawa ba, abu biyu ne a haɗe, takarda a gaba, danƙo a baya. Danƙon na da galibi ƙaro ne, irin wanda ake tsinta a jikin dakwara a dajinmu, ko kuma wani da ake yi da sitaci. Da gangan aka yi shi don ya narke da ɗan yawu. To abin da yawun baki ke narkarwa, me zai hana laimar Agusta ta narkar da shi? A tsakiyar hunturu danshin iska a yankin nan yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, da marka kuma ya haura 70, da asuba ma ya fi haka. Masu aikin adana takardu suna son danshi ya tsaya wajen kashi 50, zafi kuma kusa da digiri 20. Ɗakin unguwar Bagalam ko na Sabon Gari a nan Maraɗi ba ya ganin irin wannan yanayi sai ƴan makonni a shekara. Da zarar danshi ya wuce kashi 65 ya zauna, hunhuna ta sami gona, danƙo kuwa shi ne takinta.

Ɗige-ɗigen da na gani a jikin zaki, dillalan Faransa tsatsa suke kiransu, kuma sunan ya dace, domin aikin hunhuna ne tare da ɓurɓushin ƙarfen da ke cikin takarda. Ba sa zama wuri ɗaya. Daga tambur guda sai su kama maƙwabcinsa, su ratsa zuwa shafi na gaba. Turawan mulkin mallaka sun san wannan ciwo. Shi ya sa akan shimfiɗa siririyar takarda tsakanin fallayen da za a aika ƙasashe masu zafi, kuma har yau a bakin dillalai akwai abin da suke kira danƙon ƙasashen mallaka, wanda ya dushe ko ya yi duhu saboda zaman da ya yi a irin yanayinmu.

Wanda bai shiga harkar ba zai ce, fuska ake kallo, ina ruwan wani da baya? Kasuwa ba haka take gani ba. Littafin farashi na Yvert et Tellier, wanda ake bugawa a birnin Amiens na Faransa tun 1896, kuma shi ne ma'aunin da ake auna tamburin ƙasashen renon Faransa da shi, ya bambanta sabon tambur mai cikakken danƙo da wanda aka taɓa liƙa wa ƴar takardar ratayewa a baya. Wanda danƙonsa ya tafi gaba ɗaya kuwa shi ne a ƙasa can, dillali ba ya ba shi sai wani ɗan yanki na kuɗin na farko. Damina ɗaya tak ta isa ta sauko da tambur daga sama zuwa ƙasa, kuma wannan sauka ba ta da hawa. Akwai masu shafa sabon danƙo su sayar a matsayin na asali. Algus ne, kuma gilashin ƙara girma yana tona shi a bakin haƙora. Saboda haka duk yaron da ya zo mini neman shawara nakan ce masa ya fara da tamburin da ya yi tafiya, mai hatimi a fuska, wanda ya riga ya rabu da danƙonsa. Shi ne ke iya zama da mu.

Ban ma zo kan gara ba, wadda da ruwan fari take tashi, ta biyo bango cikin dare ta shiga adakar katako ta ƙasa, sai an buɗe a tarar da ƙasa a madadin takarda. Ga kyankyaso da ke lasar danƙo kamar alewa. Ga ruwan kansa. Maraɗin da muke ciki ma ruwa ne ya kawo ta nan, tun ambaliyar 1945 da ta cinye tsohon gari a bakin gulbi aka tashi zuwa tudu. A ƙarshen Agustan 2024 mun sake ganin abin da ruwan ƴan sa'o'i ke iya yi wa gidajen laka. Inda aka rasa rai da matsuguni ba wanda zai zauna kukan takarda, kuma haka ya kamata. Amma bayan hankali ya kwanta na ga an shanya adakoki a ƙofar gidaje, wasiƙu da hotuna da takardun gona sun zama dunƙulen ɓawo, raina ya ɓaci ƙwarai, domin irin wannan asara ba a sake sayo ta a kasuwa.

Maganin ba shi da tsada, lokacinsa ne ke da wuya. Akwatin ƙarfe mai rufi da kyau, a ɗora shi bisa bulo, a janye shi daga jikin bango. Kundaye su tsaya a tsaye kamar littattafai, kada a kwantar da wani bisa wani, domin nauyi da laima su ne ke haɗa auren tambur da shafi. A jefa ƴan ƙullin tsakuwar nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalbar magani ko kwalin takalmi, bayan an gasa su a rana. Sai dai duk wannan a watan Afrilu ko farkon Mayu ake yin sa, iska tana bushe. Wanda ya tuna da akwati a watan Yuli, ya rufe ruf, laima ya kulle a ciki tare da dukiyarsa, in kuma ya ƙara da ƙulle su cikin leda ya gama taimakon hunhuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga saukar ruwa har zuwa agajeri ni ba na buɗe akwatina, ko baƙo ya zo daga Yamai takanas don ya gani.

Lissafin aljihu kowa ya san shi, ko da bai taɓa riƙe matsefata ba. Maraɗi garin kasuwa ne, amma kasuwar da ke numfashi da gona. Da kaka, in gero ya shiga rumbu, wake da gyaɗa da aya da riɗi suka fito, kuɗi kan zagaya har hannun wanda bai yi noma ba. Da damina kuwa rumbu ya yi ƙasa, ga iri, ga taki, ga ƴan ƙwadago, ga zazzaɓin cizon sauro da ke kwantar da yara a Agusta da Satumba, kafin a farfaɗo kuma ga kayan lakwal a Oktoba. A irin wannan lokaci magidanci yakan fara da akuya, ya bi da rediyo, sannan ya tuna da kundin da mahaifinsa ya bari. Hatsi yana araha da kaka ya yi tsada da damina. Tambur akasin haka yake yi, don ba a tuƙa tuwo da shi: yana fitowa kasuwa daidai lokacin da ba mai kuɗin saye, ga shi kuma ya riga ya sha laima a hanya. Kundin da za a yi ciniki a kansa da jika-jika a Disamba, a Agusta sai a miƙa shi a kan abin da zai sayi tiya biyu.

Azumi da Salla kan ƙara nauyi ko su rage, gwargwadon inda suka faɗo, tun da kowace shekara suna matsowa da kusan kwana 11. Tsakanin 2018 da 2020 Babbar Salla ta faɗo a tsakiyar damina, kuɗin rago ya haɗu da kuɗin noma a wuya ɗaya. A shekarun nan na ga kundaye sun fito daga gidajen da ban taɓa zaton suna da su ba. Zan faɗi ra'ayina a nan ba tare da kwana-kwana ba. Sayen kaya da araha ba laifi ba ne, amma wanda ya san darajar abu, ya ga mai shi bai sani ba, ga yunwa ta kawo shi, ya taya masa dala ashirin a kan abin da ya san zai sayar da jika goma, wannan ba ciniki ya yi ba, cin amana ya yi. Mu ƴan kaɗan ne a garin nan, kowa ya san kowa, kuma gidan da aka cuta sau ɗaya, in an sake buɗe adaka, wuta za su sa wa takardun ba za su kira mu ba.

Na uku shi ne lissafin da ba a ganinsa daga nan, alhali shi ke yanka farashi. Masu sayen tsohon tamburin Nijar da kuɗi mai kauri yawancinsu suna Faransa da Beljiyam da Jamus da Ingila da Amurka. A can wannan sha'awa ta lokacin sanyi ce, sa'ad da dare ke tsawo, mutum ya kulle kansa a ɗaki da fitila da kundi. Ƙungiyoyinsu kan fara zama a Satumba, sabon littafin farashi ya fito, manyan gwanjo su dawo. Ranar 9 ga Oktoba ita ce ranar gidan waya ta duniya, tunawa da kafa Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya a Bern a 1874; a Amurka watan Oktoba gaba ɗayansa an keɓe shi ga masu tara tambur; a Nuwamba ake babbar baje kolin kaka a Paris; daga nan sai sayayyar kyaututtukan ƙarshen shekara. Kasuwa kan ci gaba da ɗumi har zuwa Afrilu ko Mayu. Yuli da Agusta kuwa hutu ne, Bafaranshe ya rufe kanti ya tafi bakin teku. Shafukan ciniki irin su Delcampe da eBay ba sa rufewa, amma gwanjo da mutum biyu ba ɗaya ba ne da gwanjo da mutum goma.

A duba yadda abin ya jeru. Watan da danƙo ke narkewa a Maraɗi, shi ne watan da rumbu ke ƙarewa, shi ne kuma watan da mai saye ya tafi hutu. Saurayin da ya sa kayansa a intanet a Agusta don ya sami na magani, ya sa su a kasuwar da ta watse. In ma an saya, ambulan ɗin zai yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai cikin ruwa da laima kafin ya ga jirgi, ya isa hannun mai shi a manne, a dawo da ƙorafi da baƙin suna. Da zai iya daurewa wata uku, kaya ɗaya ne, kuɗi daban.

Kada a ɗauka wannan doka ce da ta hau kan kowa. Tamburin da ya fi kowanne suna a duniya, jan nan na Giyana ta Ingila mai santi ɗaya, an sayar da shi dala miliyan 9.48 na Amurka a 2014, aka sake sayarwa a kan miliyan 8.3 a 2021, duka biyun a watan Yuni. Mai irin wannan kuɗi ba ya duba hadari. Haka nan tarin tamburin zamani masu ƙyalƙyali da ake bugawa a ƙetare da sunan Nijar, masu hotunan jiragen ƙasa da kifayen teku da taurarin ƙwallo, waɗanda akasarinsu ba su taɓa shaƙar ƙurar ƙasar nan ba, su ba ruwansu da daminarmu, daga maɗaba'a sai kantin dillali. Wasu ma na jabu ne, abin da ya sa tun 2002 aka buɗe rajistar duniya ta tantance na gaskiya. Kuma akwai abubuwan da kan murƙushe lissafin yanayi gaba ɗaya: faɗuwar darajar sefa a Janairun 1994, rufe iyakar da Nijeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. In hanyar Katsina da Kano ta toshe, musayar da muke yi da ƴan'uwa masu kan sarki ta tsaya ke nan, ko da kaka ko da rani. Maganata a kan tsakiyar kasuwa take, inda irinmu ke saye da sayarwa.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne aikin gaske. Iska ta bushe, gumi ya bar yatsa, dare ya yi sanyi, aljihu ya ɗan yi nauyi, masu saye a Turai sun dawo kan teburinsu. Lokacin ne ake jiƙa tambur a raba shi da guntun takardar da yake kai. Kwano mai faɗi, ruwan sanyi mai tsabta, a sa su fuska sama, a jira har su saki da kansu, kada a ja. A ɗauraye, a kwantar bisa tsumma mai tsabta, in sun sha iska a danne cikin littafi. Da hunturu kafin ka gama shan shayi sun bushe; da damina sai su kwana biyu suna laushi, hunhuna ta riga ka. Wanda ke kan ambulan ja ko kore a jiƙa shi shi kaɗai, don rininsa na zuba. Tsohon kan sarkin Nijeriya na zamanin Sarki Joji na Biyar kuwa, musamman masu manyan kuɗi, kada a kai su kusa da ruwa sam. Da gangan aka buga da yawansu da tawada mai gudu bisa takarda mai alli, don kada wani ya wanke hatimi ya sake amfani da su, kuma tawadar ba ta san bambancin ɓarawo da mai sha'awa ba.

Hunturu ma da nasa haƙoran. In bushewa ta yi tsanani danƙo yakan tsuke fiye da takarda, sai ka ga tambur ya naɗe kamar ganyen da ya sha rana. Ka matsa masa ya miƙe, danƙon ya tsattsage, wani lokaci haƙori ya ɓalle. Ƙurar da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi kuwa laushinta ya fi na gari, amma tana da kaifi. In ta kwanta bisa tambur ka goge da yatsa, ka kankare masa fuska. Ledar kundi tana jan ta kamar maganaɗisu in iska ta bushe. Don haka ranar da buji ya taso har ba a hangen hasumiyar masallaci, ba ranar aiki ba ce. Nakan jira safiyar da gari ya waye tas, in yayyafa ruwa a tsakar gida, in rufe taga, in shimfiɗa farin ƙyalle. Hazo yakan hana jirgi sauka, saƙo ya yi jinkiri, amma jinkiri a bushe ya fi sauri a jiƙe.

Akwai wani sawun yanayi da ya fi duk waɗannan daɗi a wurina, shi ne wanda ke rubuce a jikin hatimi. Tamburin farko mai sunan Nijar ya fito a 1921, sa'ad da aka buga sunan ƙasar bisa na tsohon yankin mulkin mallakar Faransa da ake kira Haut-Sénégal et Niger, mai hoton mahayin raƙumi. A 1926 aka fitar da nata na kanta, mai rijiya, mai kwalekwale a kogin Kwara, mai ganuwar sojan Damagaram. Daga 1944 zuwa 1959 kuma tambur ɗaya ake amfani da shi a duk Afirka ta Yamma ta Faransa, daga Dakar har Gigimi. A waɗannan shekaru babu abin da zai nuna maka wasiƙa daga nan ta tashi sai zagayen baƙar tawadar da aka buga mata, mai sunan Maraɗi ko Tasawa ko Dakwaro da kwanan wata. Wanda ya ɓare tamburin ya jefar da ambulan, ya riƙe ɓawo ne ya zubar da ƙwaya.

In ka jera irin waɗannan ambulan bisa tabarma wata-wata, za ka ga shekarar Bamaraɗe ta fito da kanta. Cikin waɗanda suka ratsa hannuna, na kantunan Turawa da na alhazai sun fi taruwa a watannin cinikin gyaɗa, bayan girbi, lokacin da ake awo ana ɗora buhuna, tun kafin a kafa SONARA, kamfanin cinikin gyaɗa na Nijar, a 1962 har zuwa farin 1973 da 1974 da ya karya wannan kasuwa. Na talakawa kuwa na rani ne, wasiƙun ƴan ci-rani daga Kano da Ikko da Kumasi da Abijan, daga baya Libiya da Aljeriya, galibi da hannun marubucin da ke zaune a ƙofar gidan waya, suna gaida kowa da sunansa, suna cewa ga ɗan saƙo nan a hannun wane. Da hadari ya fara haɗuwa sai wasiƙun su ɗauke, masu rubuta su sun dawo gona. A Disamba da Janairu akwai manyan ambulan daga sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, BBC da ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus, Rediyon Sin, ɗauke da kalanda da amsar masu sauraro. Da yawa daga cikinmu a nan muka fara ganin tamburin wata ƙasa. Na Makka su kaɗai ne ba su da mazauni, suna zagaya shekara tare da watan aikin Hajji. Wayar hannu ta kashe duk wannan. Abin da ya rage a adakoki shi ke nan, ba a ƙara haifar wani.

Bazara ita ce lokacin da adakokin ke fitowa. Zafin Afrilu da Mayu, da kan wuce digiri 40, yana da tasa illar: ƙarƙashin rufin kwano takarda kan yi ja ta yi ƙarfi kamar ƙanzo, launi ya kwaɗe, tamburin zamani mai manne kansa kuma gam ɗinsa ya tsattsafo ya ɓata fuska. Amma a watannin nan ne ake yaɓe, ana gyaran indararo, ana fitar da kaya tsakar gida kafin ruwa. Tsofaffin takardu kan bi hanya biyu, murhu ko teburin mai ƙosai da mai tsire. Mai tara tambur da ya kwanta a inuwa da bazara yana jiran sanyi, ya bar wa wuta rabonsa.

A irin wannan rana ce bana aka aiko mini daga gidan wata tsohuwa a unguwar Mokoyo, wadda maigidanta ya rasu shekarun baya. Na tarar an tara takardu a gindin bedi, jikanta na neman ashana. Na durƙusa na gaishe ta.

"Inna, ku yi haƙuri a dakata da wutar nan, in duba."

"Duba, ɗana. Tarkacen Malam ne, gara kawai suke kira mana."

Rasiɗai ne da tsofaffin kalanda, sai ƙulli guda da aka ɗaure da zaren saƙa. Ambulan bakwai ne masu ja da shuɗi a gefe, da tamburin Gana, hatimin Kumasi a gaba, na Maraɗi a baya ranar isowa. Na duba watannin: Janairu, Fabrairu, Maris, Janairu kuma. Babu ko ɗaya ta damina. Na karanta mata ta sama, inda ake gaida ta da sunan ƙuruciyarta, ana tambaya ko turmin atamfa ya iso. Ta yi shiru, ta ja bakin mayafi ta rufe fuska.

"Ya iso," in ji ta. "Da shi na yi goyon fari."

Na gaya mata gaskiya, cewa akwai masu saye, kuma in sayarwa take so ta bari sai bayan girbi, zan kawo mata abin da aka taya ba ragi. Ta ce in ɗauki huɗu, uku kuwa ba na sayarwa ba ne. Na aiki yaron ya samo gwangwanin madara babba mai murfi, muka goge shi, muka bar shi a rana har ya yi zafi ya huce. Na naɗe ukun cikin farar takarda, na jefa ƙullin tsakuwa biyu daga aljihuna, na danna murfin, na ce a ɗora shi can saman kanta, kada a buɗe sai an ga sabon gero a kasuwa. Kwana tara bayan haka aka yi ruwan fari.